Wanda ya rufe mini ɗakin aiki, yau hannun ɗiyarsa yana jirana

Assalamu alaikum ƴan uwa na gidan nan, barkanmu da warhaka. Admin don girman Allah a sakaya sunana, don akwai ma'aikatan lafiya da yawa a grup ɗin nan, kuma Yamai ba ta da faɗi kamar yadda ake gani. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara ce mini in yi haƙuri, don haƙurin nan na yi shi har ya zame mini ciwo a ƙirji.

Ni ƴar Maradi ce, aure da aiki suka zaunar da ni Yamai, maigidana mushe ne, wato malamin makaranta, yana koyarwa a lise, babbar sakandare, yaranmu biyu. Aikina sunansa ergoterapi, ana ce mana ergo, na san da yawanku yau kuka fara jin kalmar, ba laifinku ba ne, mahaifiyata ma har gobe in an tambaye ta cewa take ɗiyarta likitar tausa ce. In mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki ko ya yi hatsari, kine shi ne yake motsa masa gaɓoɓi, ya tada shi tsaye, ya koya masa tafiya. Ni kuma nawa aikin in maido masa rayuwarsa ta yau da kullum, ya ci tuwo da hannunsa, ya yi alwala ba sai an zuba masa ruwa ba, ya shiga bayi shi kaɗai, ya koma sana'arsa in da hali. Wanda bai taɓa ganin dattijo yana hawaye don surukarsa ce take goge masa baki ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. A waje na yi karatun, na sha sanyi na sha kaɗaici, na dawo da diplom ɗina ina ji kamar ƙasar nan ni take jira.

Na samu aiki a wata cibiya ta gyaran gaɓoɓi, ba zan faɗi sunanta ba. Shugaban sashenmu wani kine ne da ya daɗe a aikin, a haife ya haife ni, bari in kira shi Shef kawai kamar yadda kowa yake kiransa. Ranar da na fara zuwa na durƙusa na gaishe shi na miƙa takarduna, ya juya su gaba ya juya su baya ya ce, "To shi wannan da me ake cin shi?" Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, na ɗauka wasan manya ne. Aka ba ni wani ƙaramin ɗaki da ake ajiye karyayyun kujeru, na share shi da kaina, na kawo cokula da buta da maɓallai da wake a ƙwarya da tsohuwar riga, abubuwan da nake koya wa hannu aiki da su ke nan. Da Shef ya leƙo ya gani sai ya sa wa ɗakin suna jardan, wato gidan renon yara, ni kuma na koma Madam Jardan. A gaban marasa lafiya yake kirana haka, a gaban ɗalibai ƴan sitaj masu koyon aiki, har mai shara ta ɗauka sunana ke nan. In kine ɗaya bai zo ba sai ya ce in je in yi tausa a madadinsa, in na ce ba fannina ba ne ya ce ai ni ma ban san fannina ba. Na shanye duk wannan, ina gaya wa kaina rashin sani ne, mutumin bai taɓa ganin aikin ba, ran da ya gani zai sauko.

Ana nan aka kawo mana wani tela daga unguwar Zongo, dattijo mai fara'a, Baba Tela nake ce masa. Hawan jini ya kayar da shi a shago, ɓarin dama ya shanye. Su kine sun yi ƙoƙari gaskiya, ba zan ci haƙƙinsu ba, sun tada shi yana takawa da sanda. Amma hannun yana nan a dunƙule, mutumin da ya rayu da almakashi ba ya iya ɗaukar goro. Ranar farko da ya shigo ɗakina ya ce mini, "Ɗiyata, ƙafa ba ta ciyar da ni, in za ki iya ki maido mini wannan." Muka fara, yau tsintar wake, gobe ɓalle maɓalli, na yi masa abin ɗaure hannu da zai riƙa buɗe yatsun, na naɗe mariƙin almakashi da roba ya yi kauri yadda zai iya kamawa. Watanni muna yi, wata rana ya yi fushi ya watsar da waken, wata rana ya ba ni labarin rigunan sallar da ya ɗinka wa manyan garin nan. Ranar da ya fara yanka ƙyalle a miƙe sai da ya ɗaga shi sama yana nuna wa kowa kamar an yi masa haihuwa, ni kuwa na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska na fito.

To a tsakanin nan sai ƴan tele suka zo ɗaukar rahoto a kan cibiyar. Tun safe na goge bulus ɗina, farar rigar aiki, na gaya wa mahaifiyata ta zauna kusa da tele, a raina yau za a ji sunan aikina a ƙasar nan. Suna sauke kayansu Shef ya ce in je in kawo wa baƙi ruwan sanyi daga wancan ginin. Kafin in dawo ya ɗauko Baba Tela daga ɗakina, ya zaunar da shi kusa da wata sabuwar na'urarsa ta wutar lantarki da ba a taɓa ɗora wa dattijon nan ita a hannu ba, ya ba shi almakashin da na naɗe da hannuna ya ce ya yanka a gani. Da aka nuna rahoton, Shef ne yake bayani yana cewa ga abin da na'ura da ƙwarewa suke yi, ni kuma an nuno ni can baya da faranti a hannu. Mahaifiyata ta kira ni tana murna wai ta gan ni, ta ce ashe har baƙi nake tarba. Washegari na same shi a buro, wato ofishinsa, na yi masa magana cikin ladabi, ya ce shi ne shugaban sashe, duk abin da aka yi a sashen nasa ne, in ina son a nuna ni a tele in shiga fim.

Daga ranar kamar na taɓo masa gyambo. Ba a jima ba ya tashi a taron ma'aikata ya ce cibiya tana bukatar wurin ajiye kaya, kuma wasan wake ba magani ba ne, duk wanda ya miƙe yana tafiya ya warke a sallame shi. Aka kwashe kayana aka zuba a kwali, aka sa wa ɗakin kwaɗo, aka sallami Baba Tela alhali hannun yana tsakiyar dawowa, lokacin da in aka sake shi zai koma gidan jiya. Na roƙi Shef, wallahi har hawaye na yi masa, na ce a bar ni ko a baranda in ƙarasa da dattijon nan, ya ce in ina da wake da yawa in kai gida a dafa. Sai na fara zuwa Zongo da kaina in an tashi aiki, in hau kabu-kabu in same shi a ƙofar shago mu yi abin da ya sawwaƙa, ban taɓa karɓar ko ruwan leda a wurinsa ba. Labari ya kai kunnen Shef, ya kai ƙarata wurin darakta cewa ina satar marasa lafiyar cibiya ina duba su a gida. Aka kira ni aka yi mini kashedi mai zafi, aka ce in na sake zan rasa aikin kuma za a kai maganar gaba, sannan aka maida ni teburin karɓar baƙi a bakin ƙofa. Ni da na ƙetare ƙasa na yi karatu, yau ni ce mai cewa "ku zauna nan, za a kira ku."

Na ji tsoro na daina zuwa Zongo, ina da yara, kuma albashin mushe kun san shi. Baba Tela ya gaji da jira ƴan uwansa suka kai shi ƙauye wurin masu maganin gargajiya. Da ya dawo na je gaishe shi, hannun ya dunƙule ya ƙame kamar busasshiyar kuka, yatsun sun nutse cikin tafi, ko buɗe su ba a iya yi a wanke. Shagon wani ne a ciki yana sayar da kayan waya, keken ɗinkin an rabu da shi. Bai yi mini ƙorafi ba, cewa ya yi, "Kin yi iyakar ƙoƙarinki ɗiyata, haka Allah ya so." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na fito daga lungun nan ina tafiya ban san inda nake sa ƙafa ba, kuma a ranar na ɗaga hannu na ce Allah ya nuna wa Shef abin da hannu yake nufi. Na faɗa, ba zan ɓoye muku ba, kuma ba sau ɗaya ba.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Kwanakin baya ɗiyar Shef, autarsa, yarinya mai hankali da za ta rubuta bak, jarrabawar gama lise, bana, taksin da ta shiga ya yi karo, gilashi ya yanke mata hannun dama daga tafi zuwa wuyan hannu, jijiyoyin yatsu suka tsinke. An yi mata aiki an ɗinke, likitan da ya yi aikin ya ce masu nasa ya ƙare, saura na ergo, a samu wanda zai yi mata abin ɗaure hannu daidai da ita, ya riƙa motsa yatsun da lissafi, in an yi gaggawa ɗinkin ya tsinke, in an yi jinkiri jijiyoyin su manne da nama hannun ya ƙame. Mu kuwa masu wannan aikin ƴan kaɗan ne, wadda na sani ta koma waje, ɗayan yana can gabas da wata ƙungiya, fitar da yarinyar waje kuma sai an yi takardu, hannu ba ya jiran takardu. Da na ji labarin sai na tuna addu'ata, na yi istigfari, don ni shi na nufa ba yarinya ba. Amma ƙarya nake in na ce a can ƙasan zuciyata wani abu bai yi sanyi ba.

Shi Shef bai ce mini komai ba. Matarsa ya turo, Hajiya, ta zo har gidana da la'asar da turare da atamfa, ta zauna a tabarma ta ƙi hawa kujera, ta kama hannuna tana kuka tana cewa in dubi Allah in dubi yarinyar. Na tausaya mata ƙwarai, uwa ce, har na buɗe baki zan ce to. Sai ta ƙara da cewa Alhaji, wato Shef, ya ce in riƙa zuwa gidansu a Koira Kano, unguwar masu hali, bayan an tashi aiki, direba zai riƙa ɗaukata a bayan cibiya ba a ƙofar gaba ba, kuma don Allah kada kowa a wurin aiki ya ji, saboda matsayinsa. Jama'a kun ji fa. Abin da ya kai ƙarata a kansa, ya sa aka ci mutuncina aka maida ni bakin ƙofa, shi yake so in yi masa, a ɓoye, don kada a ce Shef ya nemi Madam Jardan. Na zare hannuna a hankali na ce mata an hana ni duba marasa lafiya a gida, kuma mijinta ya fi kowa sanin wanda ya sa aka hana ni. Da alama ba ta san zancen ba. Na ce zan yi tunani, na maida mata kayanta, ta ƙi karɓa, suna nan a kan firji ban taɓa ba.

Bayan nan ma'aikatan sashenmu suka shirya zuwa dubiya, ban so zuwa ba amma rashin zuwana zai zama abin magana, na bi su. Gida ne babba, yarinyar tana kwance a falo hannun a naɗe a kan matashi. Kallo ɗaya na yi masa na ga yadda aka ɗora shi ba daidai ba ne, yatsun sun kumbura, hannuna har ƙaiƙayi yake in gyara, na danne shi a cinya. Da aka tashi tafiya sai ta kira ni a hankali, ta ce, "Tanti, ke ce ergo ɗin ko?" Na ce ni ce. Ta yi murmushi ta ce, "Ai na san ki tun ba yau ba. Baba yana yawan zancenki a gida, ya ce duk cibiyar babu wanda ya san hannu kamar ki. Akwai wani tela ma da ya ba mu labari, ya ce shi da kansa ya cire rai da hannun, ke kika tada shi. Shi ya sa ban ji tsoro ba da aka ce ke za ki duba ni."

Wallahi ƴan uwa ban san yadda na fito daga gidan nan ba. Duk shekarun nan abin da yake riƙe da ni shi ne ina cewa jahilcin aikin ne yake damunsa, bai sani ba, in ya sani zai daina. Ashe ya sani. Ya sani ranar da ya aike ni ɗauko ruwa, ya sani ranar da ya sa wa ɗakina kwaɗo, ya san hannun dattijon nan yana dawowa kuma ya san abin da zai faru in an sake shi, ya koma gida yana cin abinci yana ba ƴaƴansa labari, sannan ya dawo da safe ya kira ni Madam Jardan. Da gangan ya kashe hannun bawan Allah don kada a ce wata yarinya ƴar Maradi ta iya abin da bai iya ba. Tun ranar in na rufe ido yatsun Baba Tela nake gani.

Yanzu a wurin aiki in ya zo wucewa ta teburina sai ya rage tafiya ya ce, "Madam, sannu da aiki," idonsa a ƙasa, mutumin da bai taɓa gaishe ni ba. Ni kuma sai in ɗaga murya yadda kowa zai ji in ce, "Shef ya mai jiki, an samu mai duba hannun kuwa?" sai ya ce da sauƙi ya wuce da sauri. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Kuma ina jin daɗin ganinsa haka, Allah ya yafe mini, ina jin daɗi sosai, har so nake safiya ta yi in zo in gan shi.

Abin da zuciyata take so shi ne in ce masa zan duba ɗiyarsa, amma a cibiya, a ɗakina, ya ɗauko makulli da hannunsa ya buɗe kwaɗon nan, ya tashi a taron ma'aikata a gaban darakta da ƴan sitaj ya faɗi abin da yake faɗa wa iyalinsa, ya janye ƙarar da ya kai ni, sannan ya shiga motarsa ya je Zongo ya tsuguna gaban Baba Tela ya kalli hannun nan da idonsa. In bai yi ba ya nemi wani. Maigidana ya ce na san mutumin nan, girman kansa ya fi ƙarfinsa, zai iya tsayawa yana jan ƙafa har lokaci ya ƙure, kuma in hannun yarinyar ya ƙame ba shi za a tambaya ba ni za a tambaya, don ni Allah ya ba sanin. Ya ce yarinyar ba ita ta rufe mini ɗaki ba. Na ce masa shi ma Baba Tela ba shi ya yi wa Shef laifi ba, me ya sa hannun talaka zai mutu a banza, na ɗiyar mai gida a Koira Kano kuma kowa ya tashi tsaye? Ranar mun kwana ba ma magana. Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya kuma ta ce kada in kuskura in je gidan a ɓoye, tarko ne ko da bai nufa ba, irin wannan ciwon ba kullum hannu yake dawowa daidai ba, in an samu matsala zai ce ni na lalata mata, ga shaidar na karya dokar da aka kafa mini, in kuma ya warke zai ce na'urarsa ce. Ita shawararta in karɓa, in ɗauki hoton komai, in ya warke in watsa a grup ɗin ma'aikatan lafiya kowa ya ga wanda Shef ya nema da ta ƙure masa. Wannan ma ya kwanta mini, sai dai sirrin mara lafiya ne, kuma na yi rantsuwa a kansa.

Ina rubuta wannan ne saboda ɗazu da rana ina zaune a teburin nan saƙon murya ya shigo wayata, lambar da ban sani ba, na saurara, yarinyar ce. Ta ce, "Tanti ina wuni, ki yi haƙuri na karɓi lambarki wurin Mama. Yatsuna biyu sun yi tauri kamar ba nawa ba, haka ake yi dama? Yaushe za ki zo?" Ni na san abin da taurin nan yake nufi, na san sauran lokacin ba shi da yawa. Na saurara na sake saurara, ban ba ta amsa ba har yanzu.

Don Allah ku gaya mini gaskiya, kada ku yi mini wa'azin da ba za ku iya bi ba in ku ne. In kafa masa sharaɗina in tsaya a kai ko da zai ja lokaci, ko in je a ɓoye kamar ɓarauniya in gyara hannun ɗiyarsa in dawo bakin ƙofa in ci gaba da zama Madam Jardan? Akwai hanyar da zan ceci yarinyar nan ba tare da mutumin nan ya sake tsira a banza ba? Masu ilimin addini ku faɗa mini, in na jinkirta don in karɓi haƙƙina da na dattijon nan, ina da laifi wurin Allah? Ma'aikatan lafiya kuma ku faɗa mini abin da za ku yi. Ku yi sauri don Allah, wayar tana hannuna, kuma ta ga alamar na saurara.